Tarihin Gwajin Daidaiton Tafiya-tare a Nazarin Maimaitaccen Awo: Daga Gonar Rothamsted Zuwa Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wasu gwaje-gwaje guda biyu na ilmin ƙididdiga waɗanda kusan duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibi a fannin ilmi ko nazarin halayyar ɗan Adam ya ci karo da su, watau gwajin Mauchly da gwajin M na Box. Su ne manhajojin ƙididdiga kan fara bugawa idan an ba su bayanan maimaitaccen awo, kuma su ne suka fi rikita mai bincike, domin wani lokaci sai ya tarar da ɗigo a gurbin da ya kamata a ga lamba, wani lokaci kuma manhaja biyu su ba shi amsa biyu a kan bayani ɗaya. A ganinmu yawancin wannan ruɗani asalinsa na tarihi ne. Kowane layi da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke bugawa gado ne na wata muhawara da aka yi tsakanin 1925 da 1991, kuma wanda ya san muhawarar zai fi saurin gane inda gizo ke saƙa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi. Da maimaitaccen awo muna nufin a auna mutum ɗaya sau da yawa, alal misali a yi wa 'yan aji ɗaya jarrabawar karatu a ƙarshen kowane zango. Abin da masana ke kira bariyans za mu kira shi warwatsuwa, watau gwargwadon yadda makin ɗalibai ya bazu daga matsakaicinsa. Kobariyans kuwa za mu kira shi tafiya-tare, watau gwargwadon yadda maki a awo ɗaya ke hawa ko sauka tare da maki a wani awon. Idan aka jera waɗannan duka a layi-layi, an sami jadawalin tafiya-tare, wanda a kansa ne dukkan rigimar take.

Gadon da gona ta bari

Nazarin warwatsuwa da gwajin F a gona aka haife su. R. A. Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, kuma littattafansa na 1925 da 1935 ne suka yaɗa hanyar. Daga cikin tsare-tsaren da shi da Frank Yates suka inganta akwai na rababben fili: a ba babban fili wani magani, sa'an nan a yanka shi ƙanana-ƙanana, a ba kowane yanki wani iri ko wani taki dabam. Yankunan fili ɗaya suna da dangantaka da juna tun da ƙasarsu ɗaya ce. Amma da yake da ƙuri'a ake raba takin a tsakaninsu, babu dalilin da zai sa wasu yankuna biyu su fi wasu biyu dangantaka ta fuskar lissafi. Ƙuri'ar ce ke halatta a ɗauka cewa tafiya-taren daidai yake ko'ina.

Masu binciken ilmi da halayya suka ari wannan tsari, suka mai da mutum babban fili, lokutan awo kuma ƙananan yankuna. Littafin E. F. Lindquist na 1953 da na B. J. Winer na 1962 sun koyar da dubban ɗalibai wannan lissafi. Sai dai akwai abin da ba ya aruwa. Ba a jefa ƙuri'a a kan lokaci. Zango na biyu dole ya biyo bayan na ɗaya. Kowane malamin aji kuwa ya san makin zango na ɗaya ya fi kama da na biyu fiye da yadda yake kama da na shekara mai zuwa, kuma yayin da karatu ya yi nisa, haziƙai da masu rauni sukan ƙara nisa da juna, watau warwatsuwa na ƙaruwa. Idan aka yi gwajin F a kan irin wannan bayani ba tare da gyara ba, yakan nuna bambanci a inda babu shi fiye da kashi 5 cikin ɗari da aka yi alkawari. Ma'ana, za a iya yaba wa sabuwar hanyar koyarwa alhali ba ta tsinana kome ba.

Mauchly, da gwajin da ba don wannan aka yi shi ba

John W. Mauchly malamin fiziks ne a kwalejin Ursinus da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma abin da ya dame shi a lokacin shi ne bayanan yanayi da na maganaɗisun ƙasa. A 1940 ya buga wata 'yar gajeruwar maƙala a mujallar Annals of Mathematical Statistics, inda ya ba da hanyar gwada ko tarin ɗigogin bayani yana da siffar ƙwallo, watau warwatsuwa ɗaya ta kowace fuska ba tare da tafiya-tare ba, ko kuwa ya miƙe kamar ƙwai. Daga nan ne sunan sharaɗin ƙwallo ya samo asali. Mizaninsa, wanda ake rubutawa da harafin W, yana tsakanin 0 da 1, kuma 1 ita ce cikakkiyar ƙwallo. Abin sha'awa shi ne, wahalar lissafin bayanan yanayi na daga cikin abin da ya ja Mauchly zuwa ƙera na'ura, har shi da J. Presper Eckert suka gina ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Fabrairun 1946. Ke nan mutumin da ya ƙago gwajin yana cikin waɗanda suka ƙago na'urar da ke buga shi yau, ko da yake shekaru 30 suka wuce kafin a haɗa gwajin nasa da maimaitaccen awo yadda ya kamata.

A tsakanin nan abin da aka ɗauka shi ne sharaɗin gwajin F shi ne daidaito na bai-ɗaya: dukkan warwatsuwa daidai, dukkan tafiya-tare daidai. S. S. Wilks ya ba da gwajin wannan a 1946, D. F. Votaw ya faɗaɗa shi a 1948.

George Box, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin sinadarai na ICI a Ingila, shi ne ya fi kowa tasiri a wannan zango. A 1949 ya fitar da gwajin M, wanda ke duba ko jadawalin tafiya-tare iri ɗaya ne a rukunoni daban-daban. Faɗaɗawa ce ta gwajin M. S. Bartlett na 1937 kan daidaiton warwatsuwa. A 1953 kuma ya nuna cewa irin waɗannan gwaje-gwaje suna saurin ruɗewa idan bayani bai bi rabuwa mai siffar ƙararrawa ba, alhali gwajin matsakaita da ake son karewa ya fi su juriya. A nan ne ya kawo kwatancinsa da ya shahara, cewa wanda ya fara da gwajin warwatsuwa kamar wanda ya shiga teku ne a ƙaramin kwalekwale don ya duba ko ruwa ya lafa yadda babban jirgi zai iya tashi. Muna roƙon mahalarta su riƙe wannan, domin gargaɗin ya fito ne daga bakin mai gwajin M da kansa. Sa'an nan a 1954 ya kawo abin da ya fi amfani: ya nuna cewa idan sharaɗi ya karye, mizanin F yana nan yana bin rabuwar F kusan-kusan, sai dai a rage darajojin 'yancinsa ta hanyar ninka su da wata lamba da aka kira efsilon.

Seymour Geisser da Samuel Greenhouse, ma'aikatan cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka, suka ɗauki wannan a 1958 da 1959, suka faɗaɗa shi ga rukunoni da yawa, suka kuma nuna cewa idan an yi awo sau k, efsilon ba ta wuce 1, ba ta kuma gaza 1/(k − 1). A zamanin da ake lissafi da injin hannu wannan babbar rahama ce. A ɗauka an auna ɗalibai 20 sau 4. Darajojin 'yanci na asali 3 da 57 ne, kuma F sai ta kai kimanin 2.77 kafin a ce akwai bambanci. A mafi munin hali efsilon sulusi ce, darajojin su koma 1 da 19, iyakar kuma ta hau zuwa 4.38. Shawararsu ita ce: idan F ba ta kai 2.77 ba, magana ta ƙare. Idan ta haye 4.38, nan ma ta ƙare. Sai idan ta faɗa tsakani ne za a sha wahalar lissafa efsilon daga bayanin. Layin nan na ƙaramar iyaka da manhajar SPSS ke bugawa ƙarƙashin sauran gyare-gyare ragowar wannan dabara ce, kuma tun da na'ura ke lissafa efsilon cikin ƙiftawar ido, ba mu ga dalilin da zai sa wani ya dogara da shi ba.

Shekarar 1970

A wannan shekara aka gano cewa an daɗe ana neman abin da ya wuce bukata. Huynh Huynh da Leonard Feldt a Amurka, da kuma Henry Rouanet da Dominique Lépine a Faransa, kowane ɓangare da kansa, suka tabbatar cewa abin da gwajin F ke bukata kawai shi ne: idan aka ɗauki kowane awo biyu aka debe ɗaya daga ɗaya, warwatsuwar bambancin ta zama iri ɗaya. Bari mu gwada da lambobi. A ce warwatsuwar awo uku ita ce 10 da 20 da 30, tafiya-taren na ɗaya da na biyu 5, na ɗaya da na uku 10, na biyu da na uku 15. Babu daidaito na bai-ɗaya ko kaɗan a nan. Amma warwatsuwar bambanci ita ce jimlar warwatsuwa biyu a debe ninki biyu na tafiya-tarensu: 10 + 20 − 10 = 20; 10 + 30 − 20 = 20; 20 + 30 − 30 = 20. Sharaɗi ya cika, gwajin F kuma sahihi ne.

A nan ne gwajin Mauchly ya sami aikin da aka san shi da shi. Ba a kan ainihin makin ake yinsa ba. Sai an fara mai da awo k zuwa bambance-bambance k − 1 masu zaman kansu, masu sikeli ɗaya, sa'an nan a tambayi jadawalinsu ko ƙwallo ne. Darajojin 'yancin gwajin su ne k(k − 1)/2 − 1, watau 2 ga awo uku, 5 ga awo huɗu, 9 ga awo biyar.

A 1976 Huynh da Feldt suka lura cewa efsilon ɗin Greenhouse da Geisser takan yi ƙasa da gaskiya, musamman idan mutanen da aka auna kaɗan ne kuma ainihin efsilon ta kai 0.75 ko fiye, suka ba da nasu gyaran. Nasu kuma yakan zarce, har ya haye 1, sai a yanke shi a mai da shi 1. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai, cewa a bi na farko in efsilon ta gaza 0.75, a bi na biyu in ta fi, daga nan ta fito. Idan kuma akwai rukunoni, misali ajin gwaji da ajin kwatanci, sharaɗin ya zama biyu: jadawalin bambance-bambancen ya zama ɗaya a kowane rukuni, sa'an nan ya zama ƙwallo. Huynh da G. K. Mandeville sun tattauna wannan a 1979, J. L. Mendoza kuma ya ba da gwaji guda da ya haɗa su a 1980.

Abin da na'ura ta gada, da yadda za a karanta shi

Manhajojin da suka ɗauki wannan lissafi sun taso a jami'o'in Amurka: BMD, wadda ta zama BMDP, a ƙarƙashin W. J. Dixon a Los Angeles. SPSS, wadda Norman Nie da Dale Bent da Hadlai Hull suka fara a 1968, IBM kuma ta saye ta a 2009. Da SAS, wadda ta fito daga jami'ar jihar North Carolina ta zama kamfani a 1976. R ta biyo baya daga jami'ar Auckland, kuma fitowarta ta 1.0 a shekarar 2000 ce. Kowacce ta ɗauki abin da ke cikin mujallu a lokacin da aka rubuta ta, har da kurakuransa.

Ƙorafin da aka fi kawowa shi ne na SPSS ta buga W daidai da 1.000, darajar 'yanci 0, ɗigo kuma a gurbin ƙimar p. Wannan ba lalacewa ba ce. Awo biyu aka yi, kafin da bayan koyarwa, kuma awo biyu bambanci ɗaya tak suke bayarwa, ba shi da abokin da za a gwada shi da shi. A sa 2 a lissafin da muka kawo a sama, za a sami sifiri. Sharaɗin ya cika da kansa, kuma dukkan gyare-gyaren za su ba da amsa ɗaya.

Akwai wani ɗigon da ya fi wannan haɗari, inda W ke fitowa 0. W ana samunta ne daga ditaminan na jadawalin, kuma ditaminan yakan zama sifiri idan mutanen da aka auna, bayan an debe yawan rukunoni, ba su kai k − 1 ba, ko kuwa idan wani awo kwafin wani ne ko matsakaicin wasu. Mai binciken da ya auna yara 6 sau 10 ba zai sami gwaji ba ko wace manhaja ya bi. Haka nan wanda ya shigar da makin zango uku sa'an nan ya ƙara matsakaicinsu a matsayin awo na huɗu. Ya kamata kuma a duba yawan mutanen da manhaja ta yi aiki da su a zahiri, domin wannan tsari yakan zubar da duk wanda ya rasa ko da awo ɗaya, kuma a makarantunmu, inda rashin lafiya da aikin gona da canjin makaranta ke ɗauke yara, aji mai 40 yana iya komawa rabi ba a lura ba. Gwajin M ya fi wannan tsanani: kowane rukuni sai ya fi yawan awon da aka yi, in ba haka ba jadawalinsa ba ya juyuwa, kuma idan rukunonin da suka tsira ba su kai biyu ba, manhaja za ta ce ba ta lissafa shi ba.

SAS kuwa, idan aka nemi gwajin, layi biyu takan buga, ɗaya a kan bambance-bambancen da mai bincike ya zaɓa, ɗaya a kan masu zaman kansu. Na biyun ne ya dace da binciken 1970. Na farkon yakan ƙi sharaɗin ba gaira ba dalili idan bambance-bambancen da aka zaɓa ba masu zaman kansu ba ne. Har wa yau akwai gwajin ƙwallo na Bartlett, na 1950, wanda ake amfani da shi kafin nazarin ginshiƙai. Suna ne kawai ya haɗa su. Shi yana tambaya ne ko ma'aunan ba su da wata dangantaka sam, kuma a can ana murna ne idan ya ƙi.

Saɓanin da ya fi koyar da darasi shi ne na efsilon ɗin Huynh da Feldt. A 1991 Bruno Lecoutre ya nuna cewa lissafin 1976 yana da kuskure idan rukunoni sun wuce ɗaya: inda aka sa N, yawan mutane, a saman lissafin, N − g + 1 ya kamata a sa, g kuwa yawan rukunoni. Idan rukuni ɗaya ne babu bambanci, shi ya sa kuskuren ya shekara 15 a ɓoye. Amma a ɗauki mutum 24, rukuni 3, awo 4, efsilon ta farko 0.6: tsohon lissafi zai ba da 0.715, gyararren kuma 0.653. Wannan ya isa ya tsallakar da ƙimar p daga wannan gefe na 0.05 zuwa wancan. Bayanin da ke rakiyar R ya ambaci cewa amsarta ta saɓa da ta SAS fitowa ta 8.2 a kan wannan, daga baya kuma SAS ta karɓi gyaran Lecoutre har ta sa sunansa a jikin layin. Ƙimar p ta gwajin Mauchly ma takan ɗan bambanta tsakanin R da SAS, domin dukkansu kintace ne na rabuwar kai-sukwaya, R kuma ta ƙara wani mataki na biyu a kintacen. Saboda haka lalle ne ɗalibi ya rubuta sunan manhaja da lambar fitowarta a kundinsa, mai dubawa kuma ya nema.

Ko gwajin ya cancanci matsayinsa?

Tun 1980 H. J. Keselman da abokan aikinsa suka nuna cewa fara gwada sharaɗi kafin a zaɓi hanya ba ya ba da kariyar da ake zato. Dalilin a fili yake. Idan mutane kaɗan ne, lokacin da karyewar sharaɗi ta fi illa, gwajin Mauchly ba shi da ƙarfin ganinta, sai ya yi shiru, mai bincike ya ɗauki shirun a matsayin izini. Idan mutane suna da yawa, yakan yi kuka a kan karkacewar da ba ta taka kara ta karya ba. Makin jarrabawa kuwa, da ke da rufi a 100 da tarin masu sifiri a ƙasa, ba safai yake bin siffar ƙararrawa ba. R. J. Boik ya ƙara da nunawa a 1981 cewa ko ƙaramar karkacewa tana ɓata gwaje-gwajen kwatanta awo biyu-biyu idan aka yi amfani da kuskure na gama-gari. A 1987 mujallar Psychophysiology ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa marubutanta su kula da wannan matsala a duk nazarin maimaitaccen awo.

Gwajin M ya fi shan suka. Ga rukuni 3 da awo 4 yana gwada abubuwa 20 a lokaci guda, kuma SPSS tana yinsa a kan ainihin makin, alhali jadawalin bambance-bambance kaɗai gwajin cikin-mutum ke bukata, watau yana tambayar abin da ya fi ƙarfin bukata. Shi ya sa wasu littattafan koyarwa ke cewa kada a damu da shi sai ƙimar p ta gaza 0.001. Mu dai a namu ra'ayi, duban yawan mutanen kowane rukuni ya fi amfani. Idan rukunonin daidai suke, gwajin F yana da juriya. Idan ba daidai suke ba, kuma ƙaramin rukuni ne ya fi warwatsuwa, za a riƙa ganin bambancin ƙarya. In babban ne ya fi, bambancin gaskiya ne zai ɓuya. Wannan ana ganinsa da ido a jadawalin, ba sai an jira hukuncin M ba.

Hanyoyin kauce wa sharaɗin sun daɗe. Nazarin ma'aunai da yawa a haɗe, wanda ya samo tushe daga aikin Harold Hotelling na 1931 da na Wilks na 1932, ba ya bukatar ƙwallo, kuma R. G. O'Brien da M. K. Kaiser sun sauƙaƙa shi ga masu binciken halayya a 1985. Sai dai yana son mutane da yawa, kuma yana nan yana bukatar jadawalin rukunoni ya daidaita. Sa'an nan aikin Nan Laird da James Ware na 1982, da na Robert Jennrich da Mark Schluchter na 1986, suka buɗe ƙofar tsarin gauraye, wanda SAS ta shigar a 1992. A wannan tsari mai bincike ne ke faɗin siffar jadawalin da yake zato, misali dangantaka mai raguwa da nisan lokaci, ko ma jadawali dabam ga kowane rukuni, kuma yaron da ya rasa jarrabawa ɗaya ba a zubar da sauran makinsa. Nauyin ya koma kan mai binciken, domin zaɓen siffa marar dacewa yana ɓata kuskuren awo kamar yadda karyewar ƙwallo ke yi, kuma ga ƙaramin samfur sai an haɗa da gyaran darajojin 'yanci na Kenward da Roger na 1997.

Ga ɗalibin da ke da aji ɗaya ko biyu, cikakken bayani, da awo uku ko huɗu, shawararmu ga masu duba kundi ita ce a bar shi ya yi amfani da gyararren gwajin F tun daga farko, ko Mauchly ya ƙi ko bai ƙi ba, ya kuma rubuta ƙimar efsilon da gyararrun darajojin 'yanci a fili, ko da sun zo da ɗigo kamar 1.5 da 28.5. Idan sharaɗin ya cika, efsilon za ta kusanci 1, asarar kuma kaɗan ce. Idan akwai yaran da suka rasa wani awo, ko tazarar lokutan ba daidai take ba, to a tura shi ga tsarin gauraye, a kuma nemi ya kawo jadawalin tafiya-taren kowane rukuni a ratayen kundinsa.